Rumbun Bayanai Na Kyauta: Abin Da Manaja Ke Son Ji Kafin Ya Sa Hannu

A kowane kamfani mai ɗan girma a ƙasar nan, banki ne ko masaƙa ko kamfanin rarraba kayan masarufi, akwai wani ɗaki mai sanyi wanda ba kowa ake bari ya shiga ba. A cikinsa ne ake ajiye manyan kwamfutoci masu riƙe da lissafin kamfanin kaf: sunayen abokan ciniki, yawan kayan da ke sito, albashin ma'aikata, bashin da ake bin kamfanin da wanda shi ma yake bin wasu. Manhajar da ke tsara waɗannan bayanai, ta adana su, ta kuma fito da su duk sa'ad da aka nema, ita ake kira rumbun bayanai. A da, manyan littattafan akawu ne ke wannan aiki. A yau kuwa, idan rumbun ya tsaya na awa ɗaya tak, kashiya ba zai karɓi kuɗi ba, mota ba za ta bar sito ba, kuma layin jama'a zai kai bakin titi.

To, a kan wannan rumbu ne wata muhawara ta daɗe tana gudana tsakanin injiniyoyin kwamfuta da shugabanninsu. Injiniyoyi, waɗanda galibinsu matasa ne, suna son a daina biyan maƙudan kuɗi ga manyan kamfanonin waje irin su Oracle da Microsoft, a koma kan buɗaɗɗun manhajoji irin su PostgreSQL da MariaDB, waɗanda kowa ke iya saukewa daga intanet ba tare da ya biya ko kwabo ba. Manajoji da daraktoci kuwa, da zarar sun ji kalmar “kyauta” sai su ɗaure fuska, su ce araha ba ta ado. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, injiniya ya koma teburinsa yana gunaguni cewa shugabanni ba su fahimci zamani ba. Amma idan aka duba da kyau, laifin ya fi yawa a wajensa, domin ya shiga ɗakin taro da hujjar da ta gamsar da shi kansa, ya manta cewa abin da ke hana manaja barci daban ne.

Asalin al'amarin

Kowace manhaja tana da asalin rubutunta, watau jerin umarnin da masu shirya ta suka rubuta wa kwamfuta. Kamfanin da ke sayar da manhaja yakan ɓoye wannan rubutu; abin da mai saye ke samu izinin amfani ne kawai, bisa sharuɗɗan da aka gindaya masa a takardar lasisi. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, rubutunta a fili yake, kowa na da ikon ya karanta, ya gyara, ya yi amfani da ita a harkar kasuwancinsa, ya kuma ba wani. A Turanci kalma ɗaya ce ke nufin kyauta take kuma nufin 'yanci, abin da ya jawo ruɗani mai yawa tun lokacin da Richard Stallman ya fara wannan fafutuka a Amurka a 1983. Hausa ta huta da wannan ruɗani tun da kalmomin biyu ne, kuma da injiniya zai yi wa kansa gata, da ta biyun zai riƙe idan ya shiga gaban daraktoci.

Shi tsarin rumbun bayanai na zamani, tushensa ɗaya ne ko na saye ne ko buɗaɗɗe. A 1970 wani masani ɗan asalin Ingila mai suna Edgar Codd, yana aiki a kamfanin IBM a Kalifoniya, ya buga wata maƙala da ta nuna yadda za a zuba bayanai cikin jadawali masu layi da ginshiƙi, a kuma danganta wannan jadawali da wancan. Daga wannan maƙala rassa biyu suka fito. Larry Ellison da abokansa biyu suka kafa kamfani a 1977, suka fitar da Oracle kasuwa a 1979. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley kuma, Michael Stonebraker da abokan aikinsa suka gina wani rumbu mai suna Ingres tun cikin shekarun 1970, sa'an nan a 1986 ya fara wani sabo mai suna Postgres. Ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka sa masa harshen SQL wanda ake yi wa rumbu tambaya da shi, a 1996 kuma aka raɗa masa suna PostgreSQL. Watau dai abin da manaja ke ɗauka wasan yara ne ya fito daga gida ɗaya na ilmi da abin da yake biya da dala, kuma ya kusa shekara arba'in ana gyaransa. Shi Stonebraker ɗin an ba shi lambar Turing ta 2014, wadda babu ta sama da ita a fagen ilmin kwamfuta.

MySQL kuwa a Suwidin aka haife shi a 1995, a hannun Michael Widenius da David Axmark, kuma labarinsa na da darasi da za a komo kansa nan gaba.

Lissafin dala da naira

Hujja ta farko da injiniya kan kawo ita ce ta kuɗi, kuma tana da ƙarfi, sai dai yawanci a dunƙule ake kawo ta. Ga yadda take idan an warware. A jerin farashin da Oracle ke bugawa, babban samfurin rumbunsa ya yi shekaru da dama a kan dala 47,500 kowane lasisi, ban da kashi 22 cikin ɗari na wannan kuɗi da ake biya duk shekara don samun tallafi da sabuntawa. Ba kuma da yawan kwamfutoci ake ƙirga lasisin ba, da yawan ƙwayoyin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar ne, inda a irin na'urorin Intel ake lasafta ƙwaya biyu a matsayin lasisi ɗaya. Alal misali, kwamfuta ɗaya mai ƙwaya 32, wadda ba wata babba ba ce a yanzu, tana bukatar lasisi 16. Kuɗinsu ya kama dala 760,000, na tallafi kuma dala 167,200 kowace shekara. Ba shakka manyan masu saye kan sami rangwame, akwai kuma ƙaramin samfuri mai sauƙin kuɗi ga wanda aikinsa bai kai can ba, amma wannan shi ne ma'aunin da ake fara ciniki daga kansa.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi a Nijeriya shi ne kuɗin na dala ne, alhali kamfani naira yake samu. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Saboda haka waccan dala 167,200 da ke cin kimanin naira miliyan 77 sai ta koma kimanin miliyan 251, ba tare da an ƙara wa kamfani ko da abu ɗaya a cikin manhajar ba. Daɗin daɗawa, kafin a fitar da irin wannan kuɗi waje ta hanyar banki, sai an yi wa yarjejeniyar rajista a hukumar NOTAP mai lura da shigo da fasaha, sa'an nan a shiga neman dalar kanta.

Nan ne injiniya mai ɗoki kan yi tuntuɓe, ya rubuta sifiri a gefen buɗaɗɗen rumbu, ya ce ga ribar nan. Babban akanta da ya san aikinsa ba zai karɓi wannan lissafi ba, kuma yana da gaskiya. Kuɗin lasisi ne kaɗai ke ɓacewa. Za a horar da ma'aikata ko a ɗauko sababbi, za a biya masu kwashe bayanai daga tsohon rumbu zuwa sabo, za a sake rubuta wasu sassa na manhajojin kamfani, kuma tilas a yi watanni ana tafiyar da rumbu biyu a lokaci guda, ana biyan na da, ana ciyar da na yanzu. Ba abin mamaki ba ne shekarar farko ta fi tsada a kan zama yadda ake. Lissafin da ke shawo kan daraktoci shi ne na shekara biyar, wanda ya nuna wannan tsada ta farko ƙarara, ya nuna watan da za a fara cin riba, ya kuma ware abin da za a biya da dala daga abin da za a biya da naira. Wannan rarrabewa ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci, domin albashin ma'aikaci a Kano ko Legas kamfani na iya tsara shi a kasafinsa, amma farashin dala ba ya hannun kowa a ɗakin taron.

“Idan ya lalace, wa za mu kama?”

Wannan ita ce ainihin tambayar, kuma duk wanda bai shirya mata amsa ba gara kada ya nemi a saurare shi. Manajan da ya sayi kaya daga sanannen kamfani ya sayi abu biyu ne: manhaja, da kuma kariya ga kujerarsa. In abu ya ɓaci zai ce da daraktoci ai mafi shahara ya zaɓa. In kuwa ya amince da abin da wani yaro ya sauke daga intanet, ranar da aka sami matsala shi kaɗai zai tsaya. Ba tsoro ba ne na banza, kuma ba a kawar da shi da ba'a.

Amsar tana da fuska biyu. Ta farko, a ɗauko takardar yarjejeniyar da kamfani ya riga ya sa wa hannu, a ba lauyansa ya karanta sashen da ya yi maganar diyya. Bisa al'ada, manyan masu sayar da manhaja sukan rubuta cewa ba su ɗauki alhakin asarar riba ko asarar bayanai ba, kuma iyakar abin da za a iya nema daga gare su bai wuce kuɗin da aka biya su ba. Ashe wanda ake zaton za a kama ya riga ya zame tun ranar da aka sa hannu. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma ba ta tambayar wace manhaja aka yi amfani da ita. Kamfanin da ya tara bayanan jama'a shi ke da alhaki, shi ne zai sanar da hukuma cikin awa 72 idan an yi masa kutse mai haɗari ga mutane, kuma idan babba ne tarar na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Fuska ta biyu ita ce, tallafi abin saye ne a buɗaɗɗen rumbu ma. Akwai kamfanoni irin su EnterpriseDB da aka kafa a 2004 da Percona da aka kafa a 2006, waɗanda sana'arsu ke nan: a yi yarjejeniya da su, su amsa kira dare da rana, su gyara cikin lokacin da aka ƙayyade. Amazon da Microsoft da Google duk suna ba da hayar PostgreSQL da MySQL a kan nasu kwamfutocin, su ɗauki nauyin kula da su. Bambancin shi ne, in mai tallafi ya gaza ko ya tsawwala farashi, ana iya sallamarsa a ɗauki wani, rumbun na nan yadda yake. A wajen manhajar saye kuwa, mai ita ne kaɗai ke iya taɓa asalin rubutunta, saboda haka duk wani babban gyara daga hannunsa zai fito. Yarjejeniyar Oracle har ta ba shi ikon ya binciki yadda mai saye ke amfani da manhajar bayan sanarwar kwana 45, kuma idan aka tarar an wuce adadin lasisi, ko da bisa kuskure ne, sai a biya cikon.

Abin da ya faru a Rasha ya nuna iyakar wannan dogaro. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, Oracle ya sanar da dakatar da dukkan harkokinsa a ƙasar. Kamfanonin da suka yi shekaru suna biya suka wayi gari babu tallafi babu sabuntawa, ba don sun saɓa wa wani sharaɗi ba. Waɗanda ke kan PostgreSQL kuwa babu mai ikon karɓe musu shi. Ba lalle ne irin wannan ya faɗa wa Nijeriya ba, amma darakta mai hangen nesa yakan so ya san wa ke riƙe da makullin sitonsa.

Batun ɓarayi

Akwai wata tambaya da ke biyo baya: in kowa na iya karanta rubutun manhajar, ashe ɓarawo ma zai karanta ya gano ƙofar shiga? Zai karanta, haka ne. Amma ɓoye rubutu bai taɓa hana ɓarna ba. A watan Janairu na 2003 wata tsutsar kwamfuta da ake kira Slammer ta faɗa wa rumbun SQL Server na Microsoft, wanda rubutunsa a rufe yake, ta kama kimanin kwamfutoci 75,000 cikin minti goma. Abin takaici, Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka wata shida kafin nan. Waɗanda abin ya shafa ba su sa shi ba ne kawai.

A ɗaya gefen, a watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, ɗaya daga cikin masu gina PostgreSQL, yana gwajin sauri sai ya lura shiga wata kwamfuta na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ya bi diddigi har ya gano cewa an dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa cikin wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja mai suna xz, wadda dubban kwamfutocin Linux ke dogaro da ita, kuma wanda ya dasa ta ya yi shekaru yana nuna shi mai taimako ne har aka amince da shi. An toshe ƙofar kafin ta yaɗu. Mai gaskiya zai faɗa wa daraktoci labarin duka, domin ya nuna buɗaɗɗen tsari na iya barin mugu ya kutsa, ya kuma nuna cewa buɗewar ce ta ba wani damar kama shi. A kowane hali, kamfanin da ba ya sabunta rumbunsa a kan kari yana cikin haɗari ko nawa ya biya. Masu kula da PostgreSQL sukan fitar da babban sabon samfuri sau ɗaya a shekara, su ci gaba da gyaran kowanne har shekara biyar, saboda haka ana iya tsara lokacin sabuntawa tun da wuri.

Su wa suka riga suka bi hanyar?

Manaja ba ya son ya zama zakaran gwajin dafi, kuma abin farin ciki ba zai zama ba. Wayar da ke aljihunsa, Android ce ko iPhone, tana ɗauke da wani ƙaramin rumbu mai suna SQLite wanda Richard Hipp ya rubuta a 2000 ya sakar wa duniya, kuma a cikinsa WhatsApp ke ajiye saƙonninsa a wayar. Facebook ya girma a kan MySQL. Wikipedia ta koma MariaDB a 2013. A nan gida, tsarin DHIS2 da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke tattara alƙaluman asibitoci da shi daga jihohi, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gina shi, a kan PostgreSQL yake zaune.

Misalin da ya fi jan hankalin 'yan kasuwa shi ne na Amazon. Kamfanin ya yi shekaru yana cikin manyan masu biyan Oracle, har Larry Ellison ya riƙa faɗa a bainar jama'a cewa ba za su iya rabuwa da shi ba. A watan Oktoba na 2019 Amazon ya sanar cewa sashensa na sayar da kaya ya kashe rumbun Oracle na ƙarshe, bayan kwashe bayanai daga rumbuna kusan 7,500, aikin da ƙungiyoyin ma'aikata fiye da 100 suka yi cikin shekaru. Ya ce kuɗin da yake kashewa a kan rumbu ya ragu da fiye da kashi 60 cikin ɗari. Sai dai a yi hattara wajen kafa hujja da wannan. Amazon ɗan kasuwa ne mai sayar da hayar rumbu, yana da muradi a labarin. Wasu daga cikin rumbunan da ya koma kansu nasa ne na kansa, ba buɗaɗɗu ba. Kuma yana da injiniyoyin da wani kamfani a Kaduna ko Aba ba zai taɓa tarawa ba. Abin da misalin ya tabbatar shi ne girman aiki ba ya hana ƙaura. Bai nuna cewa ƙaurar na da sauƙi ba.

Inda manaja ke da gaskiya

Akwai wuraren da ƙin yarda shi ne daidai, kuma injiniyan da ya fara ambata su da bakinsa ya fi samun amincewa. Kamfanin da ya sayi babbar manhajar banki ko ta lissafi daga wani mai sayarwa, ba shi ke zaɓen rumbu ba. Mai manhajar ne ke faɗin rumbunan da ya yarda da su, kuma in an saɓa zai janye tallafinsa. Har ila yau, tsofaffin kamfanoni da yawa sun yi shekara ashirin suna rubuta dokokin kasuwancinsu, kamar yadda ake lasafta riba ko rangwame, a cikin harshen PL/SQL na Oracle, a cikin rumbun kansa. Akwai kayan aiki irin su Ora2Pg masu taimakawa wajen juya wannan rubutu, amma ba sa gamawa. Sauran sai mutum ya zauna ya bi layi-layi, kuma sau da yawa wanda ya rubuta na asalin ya daɗe da barin aiki.

Sai matsalar mutane. In mutum ɗaya ne a kamfani ya san sabon rumbun, to, an kuɓuta daga hannun kamfanin waje ne an faɗa hannun ma'aikaci guda, wanda gobe yana iya samun aiki a Kanada ya tafi. Kafin a taɓa kome, a tabbata aƙalla mutum biyu ko uku sun ƙware, kuma an rubuta yadda ake kowane abu a takarda. Abin da ke sauƙaƙa wannan shi ne masu koyon rumbun suna ƙaruwa: a binciken da dandalin Stack Overflow ya yi wa masu rubuta manhaja a 2023, PostgreSQL ne ya zo na ɗaya a yawan masu amfani.

Labarin kamfanin GitLab ya cancanci a karanta shi a gaban duk wanda zai sa hannu. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyansu, cikin gajiyar dare, ya goge bayanai daga babban rumbunsu na PostgreSQL yana zaton na ajiya yake gogewa. Kusan gigabait 300 suka tafi. Da aka juya ga kwafin ko-ta-kwana, sai aka tarar cikin hanyoyi biyar da suka tanada babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, aikin awa shidan kuma ya salwanta. Ba rumbun ne ya gaza ba, kuma da na saye ne ma haka za ta faru. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, ba a san ko kwafi ne ba sai ranar bukata. Duk shawarar da za a kai wa daraktoci, in babu jadawalin gwada mayar da kwafi a cikinta, ba ta cika ba.

Wa ke da shi?

Yanzu a koma kan MySQL. Kamfani ɗaya ne ya mallaki sunansa da haƙƙin rubutunsa, saboda haka da kamfanin Sun ya sayi wannan kamfani a 2008 a kan kimanin dala biliyan ɗaya, Oracle kuma ya kammala sayen Sun a Janairun 2010, sai ga MySQL a hannun babban abokin hamayyarsa. Widenius ya hango haka, ya ɗauki rubutun, kamar yadda lasisin ya ba kowa dama, ya fara wani reshe a 2009 ya sa masa MariaDB. MySQL bai mutu ba, har yanzu akwai buɗaɗɗen samfurinsa, amma abin ya koya wa mutane su riƙa tambaya. Bayan haka MongoDB ya canza lasisinsa a Oktoban 2018, Redis ma ya yi haka a Maris na 2024, abin da ya sa wasu suka ɓalle suka kafa Valkey, kafin Redis ya sake ƙara buɗaɗɗen lasisi a 2025.

Saboda haka ba kowane abu mai suna buɗaɗɗe ke da tabbas iri ɗaya ba. PostgreSQL ba na kamfani ɗaya ba ne. Masu gina shi suna warwatse a kamfanoni da ƙasashe dabam-dabam, lasisinsa kuma gajere ne ƙwarai, lauya zai karance shi kafin shayinsa ya huce. Babu wanda zai saye shi domin babu mai sayarwa. Ga darakta, wannan batu ya fi duk wani bayani a kan saurin rumbu nauyi.

Ta inda ake farawa

Wanda ya nemi a kwashe lissafin kuɗin kamfani gaba ɗaya a karon farko, ya nemi a ce masa a'a. Abin da ya fi dacewa shi ne a zaɓi wani aiki na gefe wanda in ya tsaya na yini ɗaya ba za a yi asara ba, kamar rajistar hutun ma'aikata ko rumbun da ake fitar da rahoton wata-wata daga cikinsa, ko kuma wani sabon aiki da ba a riga an saya masa lasisi ba. A tsayar da ma'auni tun kafin a fara: sauri, yawan tsayawa, kuɗin da aka kashe, da tsawon lokacin da mayar da kwafi ke ɗauka. A rubuta yadda za a koma kan tsohon tsari idan abin bai yi ba, domin manaja ya fi saurin amincewa da tafiyar da ya ga hanyar dawowa daga gare ta. A kuma jawo babban akanta da mai binciken kuɗi na cikin gida tun daga farko, su ne za su duba alƙaluman. In su suka gabatar da su a taro, sun fi ƙarfi a kan a ce daga sashen kwamfuta suka fito.

Takardar da za a miƙa kada ta wuce shafi biyu, sauran bayani ya zama rataye ga mai son dubawa. Lokacin miƙa ta ma abin lura ne. Yarjejeniyar tallafi shekara-shekara ake sabunta ta, wasu ma shekara uku-uku, kuma wanda ya kawo maganar ana saura mako biyu a biya ya makara. Kamata ya yi gwajin ya kammala watanni kafin ranar sabuntawa. Ko da daraktoci sun yanke shawarar ci gaba da zama da tsohon mai sayarwa a manyan ayyuka, kamfanin zai zauna teburin ciniki yana da rumbu na biyu mai aiki da ma'aikatan da suka iya shi, kuma wakilin mai sayarwa yakan san da haka kafin ya faɗi farashinsa.